Kaset ɗin Inna Zuwa Amurka

Tun ranar da na dawo daga Umara ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a layin awo sai an tare ni: Malama Abu, yaya Madina? Da gaske ne ana barin shago a buɗe a tafi salla? Kin samu aika wa ɗan'uwan naki na Amurka saƙo? Kowa in gutsura masa kaɗan, shi kuma ya ƙara gishiri ya kai gaba, har jiya wata ta ba ni labarina ban gane shi ba. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda. Mai labarin ya ba ni izini, ya ce kada in rage komai.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, Yaya Sanusi shi ne ɗan farin Innarmu, ni ce auta. Ya bar Funtuwa ina da shekara goma sha ɗaya, ya ce Amurka za shi, amma ta Jidda zai bi, don wani ya gaya masa a can an fi samun biza. Bayan shekara biyu wani alhaji ya kawo mana kaset da hoto. A hoton Yaya ne cikin kwat, ya jingina da wata doguwar mota, bayansa gidaje sun tokari sama. Daga nan duk shekara in alhazai suka dawo sai kaset ya zo, da turare da atamfa da sabon hoto. Ya ce saƙo yana ɓata a hanyar gidan waya, shi ya sa yake aika wa wani abokinsa a Madina, Abdulƙadir mai ɗinkin kujerun mota, shi kuma ya ba alhazai. Unguwa ta sa wa gidanmu suna gidan ɗan Amurka.

Ba zan ɓoye ba, na hura hanci da hoton nan. Da shi na yi makarantar kwana, yana cikin akwatina. Da na fara koyar da Turanci, duk shekara ina karanta wa 'yan aji shida wani littafin Amurka a kan mai arzikin da ya ƙera wa kansa asali don a kalle shi, in yi musu dogon bayani a kan yadda ƙyalƙyali ke ruɗar mutum, sannan in biya gida in goge ƙurar hoton Yaya.

Inna kuwa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, alkunyar ɗan fari. Yayanku take cewa. In aka yaba masa a gabanta, iyakarta ta ce Allah ya tsare shi inda yake. Da yanar ido ta rufe mata gani ta daina kallon hotunan, sai ta koma wa rikoda. Kullum bayan la'asar tana kan tabarma tana jin labarin ƙanƙara da hanyoyi masu hawa uku. Baba ya rasu Yaya bai zo ba. Daminar bara Inna ta kwanta har muka fara cire rai, muka aika masa, amsa ta zo cewa aiki da takardu sun riƙe shi. Abin da ya fi damuna ke nan, kada ita ma ta tafi ba su gana ba.

Da maigidana Malam Lawal ya sama mana kujerar Umara a watan Sha'aban, Inna ta sa aka sayo mata sabon kaset, ta kori kowa daga ɗaki, ta tura ƙofa. Da ta gama ta ƙulle shi a ƙyalle ta kira ni.

"Ki ba yayanku, hannu da hannu."

Na ce, "Inna, Madina za ni, ba Amurka ba."

"Na ji. Ki nemi mai ɗinkin kujerun. Kuma kada ki saurara."

Na karɓa, a raina ina cewa tsufa ya fara taɓa Inna.

A filin jirgin Kano muka zauna tun hantsi har la'asar, jirgi bai zo ba, ba kuma wanda ya ce mana ci kanku. Jakata ɗaya duk saƙon mutane ce, kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa, wai a kai wa 'yan'uwa. Malam ya cinye lokacin yana yi mini wa'azi kada in ji tsoron jirgi, rai a hannun Allah yake. Da jirgin ya ɗaga, shi ne ya damƙe mini hannu har awarwarona ya lanƙwashe. Ban ce masa komai ba sai da muka sauka, amma har yau in ya cika baki awarwaron nake nuna masa.

A Jidda muka bi layi har ƙafafuna suka kumbura. Da muka iso wurin binciken kaya, wani matashin ma'aikaci ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Ban taɓa ganin fuska ta tattare haka ba. Ya ture ta gefe, na san ta tafi ke nan. Sai hannunsa ya kai kan ƙyallen Inna. A can suna duba kaset, wai ko waƙa ce ko wani abin da ba su yarda da shi ba. Ina ji ina gani ya zura shi a rikoda ya danna. Muryar Inna ta fito tar a tsakiyar jama'a:

"Salamu alaikum. Abu, in ke ce kika kunna, kashe."

Malam ya juya baya yana dariya. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na dafa ƙirji na ce wa ma'aikacin, "Ummi, ummi," iyakar Larabcin da ya zo mini ke nan. Ya kashe, ya mayar da kaset ɗin cikin ƙyallen ya ƙulle yadda ya gan shi, ya miƙo mini da hannu biyu yana yi wa Inna addu'a. Daddawa dai bai mayar ba.

Daga Jidda muka hau bas zuwa Madina, don sai mun yi ziyara za mu ɗauki harami. Hanya santsi, babu rami ko ɗaya, babu kuma mai tallar gyaɗa ko rake, sai baƙaƙen duwatsu. Muka tsaya cin abinci, aka kawo faranti guda cike da shinkafa da rabin kaza a kai. Na zauna ina jiran miya. Wata 'yar Sakkwato da ta saba zuwa ta ce, "'Yar'uwa, ci abinki, nan ba a miya." Na ci, ta yi daɗi, amma maƙogwarona bai yarda an ci abinci ba. Da fitilun Madina suka bayyana duk motar ta ɗauki salati, ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Masaukinmu gidan Hajja Amina ne a Harra ta Yamma, wani abokin aikin Malam ya haɗa mu. Kakanninta da ƙafa suka zo daga Kano, ita kuwa ba ta taɓa ganin Nijeriya ba. Hausarta irin ta kakanninmu ce, ga Larabci a tsakiya. "Ahlan, 'yata, tafaddali, shigo ki huta." Jikokinta suna jin duk abin da na faɗa, amma da Larabci suke mayar mini. Ɗanta ya tarbi Malam da gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. A gida in an ba ka abu ka shanye ka miƙa kofi, an gama. A can in ba ka girgiza kofin ba, ƙari kake nema. Malam ya shanye ya miƙa, aka ƙara, ya ji kunyar ƙi, ya shanye ya miƙa. Sai da ya sha takwas Hajja ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Girgiza, ya Malam, za ka ƙarar mana da tulun."

Da safe wake ne dakakke da mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi da suke kira tamis, da shayi mai na'ana'a. Maganar shago kuwa gaskiya ce. Ana kiran salla mutum zai yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi. Na tsaya ina gadin shagon wani da ido, na ga ko kallonsa ba wanda ya yi.

Kwana biyu na farko na ba Masallacin Manzo, ban yi zancen kowa ba. A rana ta uku muna tsinke ganye da Hajja na tambaye ta ko ta san Abdulƙadir mai ɗinkin kujerun mota.

Ta ɗan yi tunani. "Babu mai wannan suna a mutanenmu. Mai kujeru ɗaya na sani, Amriki, wurin aikinsa a Aƙiƙ."

"Amriki kuma?"

"Laƙabi ne. Tun da ya zo yake cewa shi wucewa zai yi Amurka, shi ne aka sa masa. Yanzu ya daina faɗa, suna dai ya zauna. Miskini, mutumin kirki, ba ya rasa sahu. Daga wani gari wai shi Funtuwa."

Na tashi na ɗauko hoton da ke jakata na miƙa mata. Ta kai shi kusa da ido ta yi dariya, ta ce, "Shi ne, yana saurayi. Wannan ai labulen mai hoto ne, akwai na teku, akwai na dogayen gidaje." Sai ta dubi fuskata, dariyar ta tsaya. Ta ce, "Wane ne shi a wurinki?"

Na ce, "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Ba kuka na fara yi ba, fushi na yi. Na ce wa Malam ba inda za ni, a ba wani kaset ɗin ya kai masa. Mutum yana nan, tafiyar yini ɗaya, ubansa ya mutu bai zo ba, uwarsa ta makance tana jin tatsuniya. Malam ya bar ni na zazzage, sannan ya ce, "Hannu da hannu ta ce, kuma ke ta ba." Washegari da hantsi muka tari tasi.

Wurin wani dogon shago ne, a gabansa motocin Amurka irin na hoton, masu faɗi kamar ɗaki, an ciro kujerunsu an jere a ƙasa. Can ciki wani mutum mai furfura yana kan keken ɗinki, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Malam ya yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce, "Yaya."

Ya ɗago. Bai san ni ba, yarinya ya bari. Amma kowa ya san fuskar Inna na ɗauko. Ya daɗe yana kallona, sannan ya lalubi wata kujerar mota da ke ƙasa ya zauna.

"Abu ce?"

"Ni ce. Ashe nan ce Amurkar."

Duk abin da na tanada na faɗa masa, ban rage ba, har Malam yana taɓa mini mayafi. Bai kare kansa ba. Da na yi shiru ya ce mutumin da ya yi masa alkawarin biza tun a Jidda ya ɓace. Sau uku yana zuwa nema da kansa ana hana shi. Hoton farko ya ɗauka ne don Baba ya kwantar da hankali, yana ganin baɗi zai wuce, ƙaryar ta zama gaskiya. Sai amsa ta zo cewa duk unguwa ta zo kallon hoto, har an yi sadaka.

"Daga nan ta ina zan fara, Abu? In dawo in ce musu me? Duk shekara sai in ce bana zan faɗa, in na danna rikoda sai in ji bakina ya kama zancen ƙanƙara."

"A ina ka san ƙanƙarar?"

"Masu motocin nan, da yawa a can suka yi karatu. Ina ɗinki suna ba ni labari."

"Abdulƙadir fa?"

"Babu shi. Ni ne nake kai wa alhazai, in zaɓi waɗanda ba su san ni ba."

"Turaren da atamfar?"

Ya ɗaga hannunsa, yatsun duk sun yi kanta. Ya ce, "Waɗannan na gaske ne. Allurar nan ce ta saya."

A nan fushin ya sake ni. Na dubi hannun, na tuna atamfar da na yi fitar biki da ita ina cewa daga Amurka, sai tausayinsa ya kama ni. Ya tambayi Inna da wata irin murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron amsar. Na ce tana raye, ga saƙonta.

Bai yarda ya ji a shago ba. Bayan azahar ya kai mu ɗakinsa, ashe a Harra ta Yamma yake, layi uku tsakaninsa da masaukinmu. Ɗaki ɗaya a saman bene, katifa da darduma da rikoda, kwat ɗin hoton yana rataye cikin leda. Na ce bari mu ba shi wuri, Inna ta hana ni ji. Ya ce, "Zauna, ba zan iya ni kaɗai ba." Ya mayar da kaset ɗin Inna baya zuwa farkonsa ya danna. Gargaɗin da ta yi mini ya wuce, muka ji tarin Inna da kukan akuyarmu, sannan ta fara.

"Yayan Abu, ina gaishe ka. Na san inda kake. Tun kaset na biyu na sani. Kana cikin ba mu labarin sanyi sai aka ɗaga kiran salla a bayanka, ka yi maza ka kashe. Da ka kunna kuma, bakinka bai gama addu'ar bayan kira ba. Shekarar da muka sauke farali da mahaifinka kwana takwas muka yi a garin nan, salla arba'in. Wanda ya ji kiran Madina ba ya haɗa shi da na wani gari. Yara suna kallon hoto, ni kunne gare ni. Kusan duk kaset sai ka yi, kabbara ɗaya, wani lokaci ɗaya da rabi, sai ka yanke. Wurin nake jira."

Yaya ya sa hannu ya rufe fuska.

"Na kunna wa mahaifinka, ya ji. Ya ce a ƙyale ka har ka faɗa da bakinka. Kada ka ce ya tafi da fushinka. A ciwonsa na ƙarshe ya ce mini, mutane suna yi masa barka da ɗa a Amurka, shi kuwa abin da yake gode wa Allah, ɗansa maƙwabcin Manzo ne. Ni ban yi magana ba, ka san ba a san uwa da zance da ɗan fari ba, kuma na ga wahalar da kake sha, ban so in kunyata ka. To yanzu ido ya tafi, ƙafa tana bin sa. Ba na son mota, ba na son atamfa. In za ka iya zuwa, ka zo yadda kake. In ba za ka iya ba, ka bar mini kiran nan ya kai ƙarshe, ka daina yanke mini shi."

Aka yi shiru har na ɗauka ta gama. Sai ta ce, a hankali, "Ka ji ko, Sanusi?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Shi ma bai taɓa ji ba. Ya kifa kai a gwiwa yana kuka irin na yara, Malam ya fita ya tsaya a matakala, ni kuwa na rasa wanda zan rarrasa, shi ko ni.

Da ya natsu ya duba agogo. Ya buɗe akwati ya ɗauko sabon kaset, ya tura tagar da ke duban Masallacin Manzo ya buɗe ta gaba ɗaya, ya ɗora rikodar a bakinta. Ya danna ya ce, "Inna, Sanusi ne, daga Madina. Ɗinkin kujeru nake yi." Bai ƙara ba aka ɗaga kiran la'asar. Na ga yatsansa ya tafi wurin kashewa don sabo, sai ya janye hannun ya sa a aljihu.

Sauran kwanakinmu kullum yana tare da mu. Ya kai ni wurin masu dabino, ya hana ni sayen wanda aka shafa wa mai don ya yi ƙyalli. Na dafa masa tuwo da miyar kuka a kicin ɗin Hajja, babu daddawa, ya cinye har yana suɗe kwano. Fasfonsa yana hannun maigidan da ya ɗauke shi aiki, haka dokar can take, amma ya je ya same shi, an ce bayan aikin Hajji za a ba shi izinin fita. Ranar tafiyarmu Makka ya raka mu Bi'ir Ali, inda ake ɗaukar harami. Motoci cike, maza duk sun yi fari. Ya gyara wa Malam mayafin haraminsa da ke ta zamewa, ya ba ni kaset ɗin a cikin ƙyallen Inna. Ya ce, "Hannu da hannu. In mutane sun tambaya kuma, ki faɗa musu." Umara ta yi kyau, Allah ya karɓa, amma labarin Makka na wata rana ne.

Da muka iso Funtuwa gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Inna ba ta tambaye ni komai ba sai da aka watse, bayan la'asar. Na sa mata kaset ɗin a hannu, ta shafa ƙullin ta gane ƙyallenta. Na kunna. Da ya ce daga Madina, ta gyaɗa kai kawai. Da kiran ya fara ta gyara zama, kabbara ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, na ga ta riƙe numfashi tana jiran a yanke. Ba a yanke ba. Ta bi shi tana amsawa, kalma bayan kalma, har ƙarshe, ta yi addu'a ta shafa.

Ta ce, "Ya rame?"

Na ce, "Ya yi furfura, Inna."

"To. Ki sauke hoton nan mai mota, ki sa a share ɗakin ƙofar gida." Ta lalubo rikodar ta turo mini. "Mayar mini da shi baya."